Wai lauya mai karɓar kuɗi bai cancanci sunan advocate ba?

Malam Nasiru: Jama'a, ga magana. Kalmar advocate da ke cikin muƙamin SAN (Senior Advocate of Nigeria, muƙamin manyan lauyoyin Najeriya) daga Latin ta fito, advocatus, wato wanda aka kira ya zo ya tsaya wa mutum. A tsohuwar daular Rum aboki ne ko wani babba da za ka kira ya raka ka gaban shari'a, ba ko kwabo. Har doka suka kafa a shekara ta 204 kafin haihuwar Annabi Isa, dokar Cincia, wadda ta hana mai kare mutum a kotu karɓar lada ko kyauta. To wanda sai ka sayar da gona kafin ya buɗe fayil ɗinka, da wane baki zai amsa wannan suna?

Barista Hadiza: Malam, ka kawo rabin tarihi ka zauna a kan rabi. Dokar tana nan a rubuce, manya kuma suna karɓa ta bayan gida. An ruwaito cewa Cicero kansa, shahararren lauyan Rum, ya karɓi bashi daga Publius Sulla, mutumin da yake karewa, ya sayi gida a tudun Palatine. Da munafuncin ya yi yawa, a shekara ta 47 miladiyya Sarki Claudius ya halatta ladan, ya sa masa iyakar sesterce 10,000 a kuɗin Rum.

Malam Nasiru: Ai kin ƙara mini hujja. Ya sa iyaka, kin faɗa da bakinki.

Barista Hadiza: Allah ya gafarta Malam, tambayi kanka su waye ke iya yin aikin kyauta a Rum. Masu dukiya ne da bayi da gonaki, kuma ba don Allah suke yi ba. Wanda suka kare ya zama yaronsu: ya yi musu sammakon gaisuwa, ya bi su dandali, ya jefa musu ƙuri'a ranar zaɓe. Talakan da ba shi da ubangida kuwa, shi kaɗai zai tsaya. Ni dai gara in biya kuɗi in tafi gida da 'yancina.

Abdu Maraɗi: Mu nan Nijar da Faransanci avocat muke cewa, daga tushen Latin ɗin nan. Abin dariya, fiyar da ake ci ma avocat ce.

Zainab M.: Ashe lauya da fiya 'yan uwa ne 😂

Abdu Maraɗi: A'a, haɗuwar hanya ce. Sunan fiyar daga yaren Aztek na Meziko ya taso, ahuacatl, Sifaniyawa suka mayar da shi aguacate. Kunne ne ya haɗa su.

Baba Ɗanlami: Ku bar wahalar da kanku da Latin. Bahaushe ya gama magana tun da ya ce lauya: mai lauya zance, gaskiya ta koma ƙarya.

Zainab M.: Baba, wannan aro ne daga lawyer na Turanci. Dacewa kawai aka yi da lauyawar Hausa.

Baba Ɗanlami: 'Yata, dacewar ta yi yawa.

Malam Nasiru: Mu koma kan batu. Ban ce lauya ya ci iska ba. Cewa na yi wanda ya ɗauki suna mai nauyi, ya ɗauki nauyin. Da aka bar muƙamin lauyan Sarauniya na Ingila, aka fara ba da SAN a 1975 ga Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, ai da gangan aka zaɓi kalmar. Yau mutum nawa ke zaman jiran shari'a a gidan yari, shekara da shekaru, ba wanda aka kira ya tsaya musu?

Barista Hadiza: Nan kam ba mu da saɓani, amma wannan ba maganar asalin kalma ba ce. Asali ba ya yanke wa kalma hukunci, yadda ake amfani da ita yau shi ne ma'anarta. Kuma cikin sharuɗɗan neman SAN akwai nuna shari'o'in da mutum ya yi kyauta. Ga kuma hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya tun 1976.

Malam Nasiru: Sharaɗi a takarda daban, ƙafa a kotun majistare daban.

Zainab M.: Anti Barista, hukumar nan tana karɓar wanda bai kai kotu ba tukuna? Ɗan maƙwabciyarmu yana hannun 'yan sanda tun makon jiya.

Barista Hadiza: Tana karɓa. Yi mini magana ta gefe, ki faɗa mini laifin da ake tuhumarsa da shi da ofishin da yake tsare.