Littafin da 'yata ta aro ya hana ta barci

Maman Nana, Birni:
Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 12, tana aji biyu a kolej. Ta aro wani littafin Faransanci, ƙagaggen labarin wata yarinya Bayahudiya da manoma suka ɓoye lokacin yaƙin duniya na biyu, suka sauya mata suna. Dare uku ke nan, ko an ɗauke wuta sai ta kunna tocila a kan tabarma ta ci gaba. Jiya ta ture kwanon tuwo ta ce, "Mama, da gaske an ɗinka wa yara tauraro a riga?" Ni dai a firamare karatuna ya tsaya. Gaskiya ne ko ƙarin gishirin marubuta? In bar ta ta ƙarasa ko in karɓe?

Tsohon mushe, Zongo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Yarinyar ƙirƙirar ta aka yi, amma tauraron gaskiya ne. Daga watan Yuni 1942, a yankin Faransa da Jamus ta mamaye, duk Bayahuden da ya kai shekara 6 dole ya maƙala tauraro ruwan ɗorawa a ƙirji. A ranakun 16 da 17 ga Yuli na shekarar, aka kame Yahudawa sama da 13,000 a Paris, fiye da 4,000 yara ne. 'Yan sandan Faransa ne suka yi kamen, ba sojan Jamus ba, abin da ɗalibaina kan yi mamaki ke nan. Ɓoyewar ma ta faru: mutanen ƙauyen Le Chambon-sur-Lignon sun rarraba yara a gidaje da gonaki, an yi musu takardun jabu. Kuma ki gaya mata a lokacin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, ita ce ke mulkin mu a nan Damagaram. Ki bar ta ta ƙarasa. In kin karɓe, a tsakiyar tsoro za ki tsayar da ita.

Ɗan Sabon Gari:
Ni abin da ban gane ba, yaran Gaza fa? Nasu littafin yana ina?

Tsohon mushe, Zongo:
A rubuta shi, ɗana, zan fara saya. Amma yaron da aka tura Auschwitz, sansanin da Jamus ke kashe Yahudawa, a 1942 bai yi wa kowa laifi ba, ko ƙasar Isra'ila ba a kafa ba sai 1948.

Maman Nana, Birni:
Na gode, Mushe. Na karanta mata amsarka. Yanzu kuma wata rigimar ta taso: ta je ta tsare kakarta wai in da nan ne, a rumbu za mu ɓoye yarinyar ko a ɗakin awaki? Tsohuwa ta ce a ƙuryar ɗakinta, ta ga mai ƙarfin halin ɗaga mata labule.