Tarkon f7 a gasar ces ta yara: wa ya taɓa cin karo da shi?

Mai koyar da yara, Bolari: Assalamu alaikum. Ranar Asabar na kai yarana shida gasar ces (chess) ta 'yan makaranta a nan Gombe. Biyu ko minti uku ba su yi a kan kujera ba aka kashe musu sarki da taku huɗu: soja zuwa gidan e4 (kowane gida a allon yana da suna na harafi da lamba), bishof c4, sarauniya h5, sai ta faɗa f7 kusa da sarkinsu. Ƙaramin ya fito yana share hawaye da hannun riga. Laifina ne, na shagala da koya musu ƙarshen wasa. Ku ba mu labarin naku.

Mahaifiyar 'yar wasa, Jekadafari: Malam, ni 'yata ce ke ɗana wa mutane shi. Ta cinye 'yan ajinsu kaf, har ta ɗauka ta gama iyawa. A zagaye na uku ta haɗu da yaron da ya fito da doki c6, ya tura soja g6, ya bi da ɗaya dokin f6. Haka ya yi ta korar sarauniyarta kamar akuyar da ta shiga gona, kayansa duk sun fito, nata suna gida. Ranar ko tuwon dare ba ta ci ba.

Tsohon ɗan wasa, Kumo: Hajiya, yaron ya san aikinsa. Amma a ja wa yara kunne, kada su tura g6 kafin doki ya tsare sojan e5, in ba haka ba sarauniya ta ci sojan da barazana ga sarki, ta wuce ta ɗauke hasumiyar h8. Ni an yi mini haka ina aji biyu na sakandare, har yau ina tuna teburin. Gidan f7 sarki kaɗai ke gadinsa a farkon wasa, shi ya sa ko a buɗin Italiya, wani sanannen salon fara wasa, doki ke zuwa g5 nemansa. Can kuma amsar ita ce tura soja d5, in an ci shi sai doki a5.

Ɗalibi, Kaltungo: Ni buɗin Italiyan na haddace a YouTube. Abokin karawata ya amsa e4 da c5, buɗin Sisiliya, kaina ya ɗaure, agogo na tafiya. Na taɓa doki ina tunani, alƙalin wasa ya ce tunda na taɓa sai na tafi da shi.

Mai koyar da yara, Bolari: Na gode. Yallaɓai na Kumo, in kana shigowa gari, muna zama Asabar bayan la'asar, allo uku ne da mu.