Wane suna za mu ba na'urar da ke kai ziyara gidan tsofaffi?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina neman taimakonku kan wata kalma.

Ƙanwata tana aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila. Jiya a gida, nan Tudun Wada, na zo ba Hajiyarmu labarin wata na'ura da suke aiki da ita, sai suna ya gagare ni. Allo ce kamar ta babbar waya, an ɗora ta kan doguwar sanda, ga tayoyi a ƙasa. Ɗa yana wata uwa duniya, ya tuƙa ta da wayarsa ta intanet har bakin gadon mahaifinsa, su ga juna, su gaisa. An fi jin labarinta a 2020, da korona ta sa aka hana ziyara. Turawa na ce mata telepresence robot.

Mutum-mutumi bai zauna mini ba, don ba ta da hannu balle ƙirar mutum. Saƙago ya fi kusa.

Hajiya ta ce, "To ai ɗan aike ke nan." Na ce, "Hajiya, ɗan aike saƙo yake kaiwa ya dawo da amsa. Wannan kuwa mai saƙon ne da kansa yake magana."

Wani abokina ya kawo "ɗan leƙe". Wannan kam na ƙi shi, kuma har raina. Kyamara ce fa mai yawo a ɗakin da ake yi wa tsohuwa wanka, ake sauya mata tufafi, ga maƙwabciyar gadonta da ba ita aka zo gani ba. Shi ya sa ake ƙera wasu yadda sai tsohon ya danna ya amsa kafin a gan shi, in ya ƙi shi ke nan. Mu da muka tashi muna karanta "ba a shiga" a ƙofar gidajen aure, ta yaya za mu raɗa wa abu sunan leƙe sannan mu tura shi ɗakin iyayenmu?

Ni dai na tsaya kan "saƙagon ziyara". Mai ziyara sallama yake yi daga bakin ƙofa, in ya yi sau uku ba a amsa ba ya juya.

'Yan'uwa na Zariya, Kano da Sakkwato, a wajenku in an ce saƙago, tsofaffi za su gane?