An kayar da ni a karon farko, ina neman shawara

Autan Zango: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon faɗan keji, wato MMA. Karona na farko an shaƙe ni tun turmin farko, har yau ƙafata ta ƙi zuwa wurin atisaye. Wane ne zan kalla, me zan yi zuciya ta dawo?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam ƙanena. Nemi faɗan Francis Ngannou da Stipe Miocic na Janairun 2018. Turmi biyar Miocic yana kai Ngannou ƙasa har numfashi ya ƙare masa. Faɗan da ya biyo baya da Derrick Lewis ma ya faɗi, da bakinsa ya ce tsoron wancan karon ne ya biyo shi cikin keji. Sai ka kalli ramuwar Maris 2021: ya koyi hana kaye, ya daina gaggawa, ya kwantar da Miocic a turmi na biyu ya ɗauki kambun UFC, babban kamfanin shirya faɗan keji. Ka kalle su a jere, kada ka tsallake na Lewis duk da ba daɗin kallo.

Mai Ƙarfe Kara-Kara: Ngannou fa, mutumin da ya yi haƙar yashi a Kamaru yana yaro, ya keta Nijar ɗin nan da hamada har Maroko, ya kwana a titin Paris! Auta, magani ɗaya ne, ka koma ka ci duka har kanka ya saba.

Kawu Koci: A'a ɗana, a nan ban bi ka ba. Kai ba ya sabawa da duka, lalacewa yake yi. Wanda aka sumar, ko yake jin jiri da amai bayan faɗa, likita zai gani, ya huta makonni kafin a sake taɓa kansa. Shi Auta shaƙe shi aka yi, kenan matsalarsa a ƙasa take. Kamaru Usman ma shaƙa ce ta kayar da shi a faɗansa na biyu a 2013, daga nan ya jera nasara 19. Auta, abin da ya kayar da kai shi za ka mayar abincinka. Ka sa abokin atisaye ya fara daga bayanka, hannunsa a wuyanka, kai kuma ka nemi fita, minti biyar kamar turmin gaske. Idan ya kama sosai ka buga hannu alamar ka sallama, ba abin kunya ba ne.

Ɗan Birni: Kuma Kawu, muna Damagaram muna raina kokowa. Oumar Kane na Senegal daga kokowar gargajiya ya fito, ya ci kambun masu nauyi na ONE, wani kamfanin shirya faɗan keji, a Nuwamban 2024. Auta ya riƙa zuwa wurin 'yan kokowa, su koya masa tsayuwa.

Mai Ƙarfe Kara-Kara: To na ji. Amma ƙarfe fa ba a barin shi 😅

Kawu Koci: Ɗaga ƙarfenka, ban hana ba. Sai dai damtse ba ya numfashi. Gudu bayan asuba kafin rana ta buɗe, da barci isasshe.

Autan Zango: Na gode Kawu, na gode yaya. Abin da ya fi cina shi ne dariyar 'yan fadarmu.

Ɗan Birni: A cikinsu wa ya taɓa shiga keji? Gobe bayan asuba ka jira ni bakin kasuwar Dole, ka zo da ruwanka.