Da za a ba ka kujera a kumbo, za ka shiga?

Uban Yara Uku:

Assalamu alaikum. Wata tambaya ce ta hana ni sukuni kwana biyu, kuma 'yata ce ta jawo ta. Shekararta goma sha ɗaya. Muna kallon hoton duniya da aka ɗauko daga tashar sararin samaniya, sai ta juyo ta ce, "Baba, da za a ba ka kujera kyauta, za ka je?" Ban tsaya tunani ba na ce mata ƙwarai kuwa. Ta yi shiru, can ta ce, "To, in ba ka dawo ba fa?"

Ni malamin kimiyya ne. Na daɗe ina koya wa yara cewa tashar nan tana can sama da nisan kilomita wajen 400, tana kewaya duniya cikin kusan minti 90, waɗanda ke cikinta suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana guda. Ina faɗa, ina zanawa a allo, amma a raina ji nake kamar mai ba da labarin garin da bai taɓa taka ƙafa ba. Tun ina yaro nake da wannan buri, kuma har yau bai bar ni ba.

Sai dai labarin Christa McAuliffe yana tsaya mini a rai. Malamar makaranta ce kamar ni, aka zaɓe ta cikin malamai fiye da 11,000. Ran 28 ga Janairu 1986 ta shiga kumbon Challenger, daƙiƙa 73 da tashi ya tarwatse, su bakwai babu wanda ya tsira. Ta bar yara biyu, ɗalibai kuma suna kallo kai tsaye a talabijin. Na san ba wanda zai kawo mini kujerar nan gobe. Amma ina so in ba yarinyar nan amsa ta gaskiya. Mutumin da wasu suka dogara da shi, ina iyakar haɗarin da ya dace ya ɗauka don cika burinsa?

Mai Gyaran Inji:

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka ce e ko a'a, ka fara tambaya: wane kumbo ne, kuma zuwa ina?

Irin kumbon da malamar nan ta shiga ya yi tafiya sau 135 daga 1981 zuwa 2011, biyu suka salwanta: Challenger da kuma Columbia a 2003. In ka raba, kusan ɗaya cikin 68 ke nan. Ba wanda zai hau jirgin fasinja mai irin wannan lissafi. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda aka yi ta raina haɗarin. Richard Feynman, wanda yana cikin kwamitin binciken Challenger, ya tarar injiniyoyi na ƙiyasta kusan ɗaya cikin 100, shugabanni kuwa suna cewa ɗaya cikin 100,000. Robar da ke toshe mahaɗar rokar ce ta sandare saboda sanyin safiyar, kuma akwai injiniyoyin da suka yi gargaɗi tun daren, aka ƙi sauraron su. Columbia kuma wani ɓallin soson da ke lulluɓe da tankin mai ne ya bugi fiffikensa lokacin tashi, sai a hanyar dawowa zafi ya shiga ta wurin.

Babban aibin wancan kumbo shi ne ba shi da hanyar fizge mutane in roka ta samu matsala. A Oktoba 2018 rokar Soyuz ta Rasha ta lalace bayan tashi, ɗakin da ke ɗauke da Nick Hague da Aleksey Ovchinin ya ɓalle da kansa, suka sauko da laima lafiya. Ni in akwai wannan, zan shiga. In babu, ko da kuɗi za a haɗa mini ba ni zuwa.

Ka kuma sani, a Amurka duk fasinjan da zai bi kumbon kamfani sai ya sa hannu a takarda cewa an sanar da shi gwamnati ba ta tabbatar da amincin abin hawan ba.

Ma'aikaciyar Jinya:

Malam, ku maza kuna ta lissafin fashewa, kun manta da wanda ya dawo da rai amma ba yadda ya tafi ba. In mutum ya daɗe a can, ƙashinsa na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye a kowane wata, tsoka na saki, wasu idonsu na canzawa, ga kuma tururin nan mai illa da ba a gani (radiation) da ke fitowa daga rana da sauran sararin, wanda ke ƙara haɗarin ciwon daji. Kuma ba kai ke da ikon ranar dawowa ba. 'Yan sama jannatin Amurka Butch Wilmore da Suni Williams sun tafi tashar nan a Yuni 2024 da niyyar kwana takwas ko makamancin haka, ba su dawo ba sai Maris 2025.

Amma abin da nake so in faɗa maka daban ne. Aikina ya sa na sha tsayawa da iyalai a bakin ƙofar ɗakin tiyata. Wanda ke ciki barci yake, bai san abin da ake ciki ba. Waɗanda ke waje su ke shan azabar. Yarinyarka ba lissafi ta tambaye ka ba, Malam. So take ta ji ko za ka tuna da ita kafin ka ce e. Ni dai ba zan je ba muddin ina da ɗan da bai tsaya da ƙafarsa ba.

Dattijo Mai Ritaya:

Ɗana, ni shekarata saba'in da ɗaya, kuma da za a kira ni yau da na tafi. John Glenn, tsohon ɗan sama jannatin Amurka, ya koma sama a 1998 yana da shekara 77. Wally Funk, wadda ta ci gwaje-gwajen 'yan sama jannati tun farkon shekarun 1960 amma ba a ba mata dama ba a lokacin, sai a 2021 ta je tana da 82. Tafiyar tata ba ta wuce minti goma da 'yan kai ba, an haura kilomita 100 an sauko.

Ajali in ya zo ko a kan gado kake sai ya ɗauke ka, wannan gaskiya ne. Amma kada ka fake da ita. Ni yarana duk sun girma, na sauke nauyin da ke kaina. Kai naka yana wuyanka tukuna. Ka riƙe burinka, ka kula da lafiyarka, wataƙila lokacin da ka kai shekaruna abin ya zama ruwan dare.

Uban Yara Uku:

Na gode muku duka. Baba, na ji maganarka, ko da yake ta yi mini nauyi, don ban san ko zan kai lokacin da ƙarfina ba. Hajiya, kin faɗi abin da na kasa gani. Jiya da dare na koma wurin yarinyar na ce mata na yi gaggawar amsawa, kuma ba zan sa hannu a wata takarda ba sai ita da mahaifiyarta da ƙannenta sun yarda. Na yi mata bayanin ɗakin nan da ke ɓallewa ya sauko da laima, har na zana mata shi a bayan littafinta. Ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta tambaye ni kujera nawa ne a ciki.