Wace wiskin rai za ta yi a sha zalla, ta kuma yi a haɗi?

Ɗan_Auta ya rubuta:
Barkanku da war haka. Ina neman wiskin hatsin rai (wato "rye", wani hatsi ɗan'uwan alkama) kwalba ɗaya tak, wadda za a iya kurɓa haka nan, a kuma yi haɗin sha irin su Manhattan ko Old Fashioned da ita. Sunayen sun yi yawa, kowace kwalba kuma na yabon kanta. Me ya kamata in duba?

Mai_Ganga ya amsa:
Ɗan'uwa, bar sunan tukuna, juya kwalbar ka karanta rubutun jikinta. A dokar Amurka, ba a kiran wiski "rye" sai hatsin rai ya kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka dafa. Saura yawanci masara ce da tsiron sha'ir. Dole a ajiye ta a sabuwar gangar itacen oak wadda aka babbake cikinta da wuta, kada ƙarfinta, wato yawan barasar da ke cikinta, ya wuce kashi 62.5 lokacin shiga gangar, kada kuma ya gaza 40 a kwalba.

Kalmomi biyu za ka nema. In ka ga "straight", ta yi aƙalla shekara 2 a ganga, ba a sa mata kala ko wani ɗanɗano ba, in kuma ba ta kai shekara 4 ba sai an rubuta shekarunta. In babu wannan kalmar, doka ta bar ƙofar ƙara ɗan kala da ɗanɗano, har kashi 2.5. Ta biyun ita ce "bottled in bond", daga wata dokar 1897: masana'anta ɗaya, dafuwar zango ɗaya, shekara 4 ko fiye, ƙarfi kashi 50 cif.

Wannan 50 ɗin shi ne amsar tambayarka. In ka juya haɗi da ƙanƙara, ruwan da ya narke kan kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ke kofin. Wiski mai ƙarfin 40 sai ta lafe, ba ka jin komai sai zaƙin vermouth, giyar inabin da ake zubawa a Manhattan. Mai 50 kuwa tana nan da yajinta. Don haka in ɗaya za ka saya, ɗauki Rittenhouse ta kamfanin Heaven Hill, ko Wild Turkey 101 Rye mai ƙarfin 50.5.

Hannatu_K ta amsa:
Maganar ƙarfi gaskiya ce, amma Mai_Ganga ya tsallake abin da ya fi raba kwalaben nan, wato yawan hatsin. Waɗanda ya ambata duka salon jihar Kentaki ne, inda ran bai cika wuce 51 ɗin da doka ta ce ba, masara ta cike gurbi. Shi ya sa suke da zaƙi-zaƙi da kauri a baki, ƙamshin kirfa da ƙonannen sukari, kusa da bourbon, wiskin Amurka da masara ta fi yawa a cikinta. Ɗaya salon shi ne na masana'antar MGP da ke Lawrenceburg a jihar Indiyana: rai kashi 95, tsiron sha'ir 5, babu masara ko ƙwaya. Wannan ta fi bushewa, akwai masoro da kanumfari da wani ƙamshin ganye kamar na'ana'a. Bulleit Rye, mai ƙarfin 45, irin wannan haɗin hatsi ce. Kamfanoni da dama daga can suke sarowa su zuba a kwalbarsu da sabon suna, saboda haka duba bayan kwalba: in an rubuta cewa a Indiyana aka tace ta, wataƙila abu guda kake shirin saya sau biyu.

A ganina wanda bai saba ba ya fara da salon Kentaki. Mai 95 ɗin, in ba ta daɗe a ganga ba, takan yi ɗanye-ɗanye da zafi a maƙogwaro idan aka sha ta zalla. A haɗi ne take haskawa.

Sannan a yi hattara da na Kanada. A can ana iya rubuta "rye" a kwalba ko da ran da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, sunan al'ada ne kawai. Lot 40 ce nake iya tsaya wa, don ita rai ce ɗari bisa ɗari, ƙarfinta 43.

Bitrus_Mai_Haɗi ya amsa:
Sau da yawa ana ɗora wa wiski laifin da ba nata ba. Ga awon Manhattan: wiski mililita 60, jan vermouth mai zaƙi 30, a yarfa Angostura, wani ruwan ɗaci mai ƙamshi, sau biyu. A cika kofin haɗi da manyan ƙanƙara busassu, a juya da dogon cokali kamar daƙiƙa 30, a tace cikin kofi mai sanyi. Ba a girgizawa. Girgiza na farfasa ƙanƙara, ruwa ya yi yawa, iska ta shiga, haɗin ya fito gurɓatacce maimakon garau.

Babban mai ɓata shi vermouth ne. Ruwan inabi ne aka ƙara wa ƙarfi da ganyayyaki, da an buɗe shi iska ta fara cinsa. Wurinsa firji, kuma bayan wata ɗaya zuwa biyu ya tashi daga aiki. In Manhattan ɗinka ya yi tsami-tsami ko ya yi lami, shanshana vermouth ɗin kafin ka zargi wiskin.

Old Fashioned kuma: wiski 60, ruwan sukari ƙaramin cokali ɗaya, Angostura sau biyu, ƙanƙara babba guda, a matse ɓawon lemon zaƙi a sama don man jikinsa ya sauka. Da salon Kentaki rage sukarin kaɗan, tunda masara ta riga ta kawo nata zaƙin. Ƙananan ƙanƙara ba su dace ba, kafin ka kai rabin kofi sun mai da shi ruwa.

Ɗan_Auta ya rubuta:
Na gode ƙwarai. To wajen sha zalla fa, 50 bai yi zafi ba?

Mai_Ganga ya amsa:
Zai yi, in ka kurɓa da zarar ka zuba. Zuba mililita 30, ka bar ta minti biyar zuwa goma, ka shaƙa da baki a ɗan buɗe don kada tururin barasar ya toshe maka hanci. Sai ka ɗiga ruwa mai tsabta, ɗigo uku ko huɗu, ka ɗanɗana, ka ƙara in bai isa ba. Mai ƙarfi kana iya sassauta ta yadda kake so, marar ƙarfi ba ka da yadda za ka ɗaga ta. Ka dai tuna mililita 30 na mai 50 ya fi na mai 40 barasa da kashi ɗaya bisa huɗu, don haka ƙirga kofunanka, kuma ban da tuƙi.

In daga baya ka so ta kurɓa kaɗai, Pikesville, ita ma ta Heaven Hill, shekara 6 ce, ƙarfi 55. Wannan kam ni ba zan zuba mata vermouth ba.