Kamfanin gyaran kiredit na neman kuɗi tun kafin ya fara aiki, in biya?

Ɗan Tasi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. Na je neman gidan haya, mai gidan ya duba makina na kiredit (makin da ke nuna yadda mutum ke biyan bashi) ya ce 571 ne, sai dai in kawo mai tsaya min. A iya sanina abu biyu ne suka ja makin ƙasa: katin bashi ɗaya da biyansa ya makara lokacin da aiki ya tsaya min, da wani bashin asibiti da aka miƙa wa masu karɓar bashi. Yanzu wani kamfani ya kira ni, wai za su goge duka cikin wata uku, maki ya haura 700. Sharaɗinsu dala 300 kafin su fara, sannan dala 99 duk wata. Akwai wanda ya san kan abin nan?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ba su ko sisi. Dala 300 ɗin nan kaɗai ta tona musu asiri, domin akwai dokar tarayya ta 1996, Credit Repair Organizations Act, da ta haramta musu karɓar kuɗi kafin su gama aikin da suka yi alkawari. Dole su ba ka yarjejeniya a rubuce, kuma kana da kwana uku na aiki da za ka iya janyewa ba ka biya komai ba. Manyansu ma sun sha hukunci. A 2023, a ƙarar da CFPB, hukumar tarayya mai kare masu hulɗa da kamfanonin kuɗi, ta shigar, an yanke wa kamfanonin da ke bayan Lexington Law da CreditRepair.com hukuncin dala biliyan 2.7 kan wannan batu na kuɗi kafin aiki.

Ka san aikin da suke yi? Wasiƙa ce kawai. Suna rubuta wa Equifax da Experian da TransUnion, manyan kamfanoni uku masu haɗa rahoton kiredit, cewa ba ka yarda da abu kaza ba. Doka ta ba waɗannan ukun kwana 30 su bincika. Idan mai bashin bai tabbatar ba, a cire. Idan ya tabbatar daga baya, abin yana iya dawowa, alhali kai kana can kana zuba dala 99. Abin da kuwa gaskiya ne, irin makarar katinka, shekara 7 yake yi a rahoto, babu mai goge shi. Sauƙin dai shi ne nauyinsa yana raguwa idan ya tsufa.

Wasiƙar nan kai ma za ka iya rubutawa, kyauta. Shiga AnnualCreditReport.com, ana ba da rahoto kyauta duk mako. Ka ciro na ukun duka, don ba lallai abin da ke wannan ya kasance a wancan ba. Ka buga a takarda, ka ɗauki biro ka bi layi-layi. Fara da suna da adireshi. Mu masu Muhammad da Abubakar da Ibrahim, ga rubutun sunan kala-kala, ba abin mamaki ba ne a cusa maka bashin wani mai irin sunanka. Sannan ka duba ko bashi ɗaya ya fito sau biyu, da ranar da aka rubuta cewa ka fara makara, don daga ita ake ƙirga shekara bakwai ɗin. Duk kuskuren da ka gani ka zagaye shi, ka haɗa da kwafin shaida, ka aika da wasiƙa mai rajista, ka adana rasit. Asalin takardunka su zauna a gida.

Bashin asibitin nawa ne? Akwai dalilin tambayar.

Baban Sadiq:
Hajiya ta gama magana kan kamfanin. Ni ta ɓangaren makin zan ƙara. FICO, wato makin kiredit da aka fi amfani da shi, daga 300 zuwa 850 yake. Kashi 35 cikin ɗari biya a kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan bashin da ke kanka, musamman abin da ka ci daga iyakar katinka. Na biyun ne ke motsi da wuri. Idan iyakar katin dala 1,000 ce ana bin ka 800, makin zai zauna a ƙasa ko da ba ka taɓa makara ba. Sauko da shi ƙasa da 300, in da hali ƙasa da 100, kuma ka biya kafin ranar da banki ke rufe lissafin wata, domin yawanci adadin ranar ne yake aikawa.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka sai ka bar ɗan bashi a kati ka biya ruwa sannan maki zai hau. Ba haka ba ne wallahi. Biya duka kowane wata, babu ruwan da za a ɗora maka kan sayayya, ka tsira daga riba, makin kuma yana hawa. Kada ka rufe tsohon katin, kada kuma ka yi ta neman sababbi a jere.

Ɗan Tasi:
Allah ya saka da alheri. Yaya, na asibitin dala 420 ne. Sannan mutumin kamfanin ya ce idan ina gaggawa akwai wata sabuwar lamba mai alƙaluma tara, CPN, da zan riƙa sawa a maimakon lambata ta Social Security da gwamnati ta ba ni.

Maman Hanifa:
Innalillahi! Toshe lambar wayarsa yau ɗin nan. Galibin waɗannan lambobin na sata ne, na yara ƙanana ko tsofaffi ko fursunoni, kuma sa su a takardar neman bashi babban laifi ne a dokar tarayya. Ga wanda takardun zamansa ba su kammala ba, ka san inda irin wannan ke kai mutum.

Na asibitin kuma albishirinka. Tun Afrilun 2023 kamfanonin ukun suka daina sa bashin asibiti da asalinsa bai kai dala 500 ba. Idan 420 ne tun farko kuma ka gan shi a rahoto, shi za ka fara zagayewa. Bashin dai yana nan a kanka, ka kira su ku daidaita yadda za ka biya. Mai gidan kuma ka koma masa da takardun shigar kuɗinka da rasitan hayar da ka biya a baya, wasunsu suna dubawa.